Na Tara

Ƙarfe huɗu na asuba nake ƙirga kawuna.
Yau tara ne: gorar ruwa tara, hula tara.
Sunana Hendrina. Aikina in kai mutane
inda babu kowa, in dawo da su kafin faɗuwar rana,
ba ragi, ba ƙari.

A ƙofar Sesriem mai gadi ya duba takarda,
ya ɗaga mana sandar ƙarfe yana hamma.
Kwalta ta raka mu har ta gaji.
Na sauka na sace wa tayoyi iska,
don yashin Namib ba ya shiri da mai taurin kai,
sai ka yi laushi yake ba ka hanya.

Takwas daga ƙetaren teku suka zo,
kowa da kyamara a wuya kamar laya.
Na taran tsoho ne, Fanuel, mutumin Maltahöhe,
cikin kwat ɗin coci da takalmin da ya sha mai.
'Yarsa ce ta biya kuɗin kujera.
Tun da muka tashi bai ce uffan ba.

Na karanta musu wasiƙar da dare ya bari:
nan ƙadangare ya ja wutsiya,
nan mariri ya tsaya, ya yi shawara, ya juya,
nan kuma ƙwaron da ke kafa kai a ƙasa
har raɓar teku ta taru a gadon bayansa,
ta gangaro bakinsa, ɗigo ɗaya tak.
Shi ne karin kumallo, shi ne abincin dare.

Suka hau jigawa ja kamar garwashi,
taku uku gaba, biyu baya,
masu dariya a gindi suka koma masu haki a tsakiya.
Can bayanta farin faƙo ya shimfiɗe,
da baƙaƙen itatuwa da suka mutu a tsaye.
Ƙishi ya kashe su,
ƙishin ne kuma ya hana su ruɓa.

Sha ɗaya ta buga, rana ta fara cizo.
Na ƙirga. Takwas.
Na sake ƙirgawa. Gabana ya faɗi.

Sawun takalmin coci ba ya ɓuya a yashi.
Na bi shi har ƙarshen faƙon,
na same shi zaune gindin wani kututture
mai inuwa siririya kamar zare,
ya tuɓe takalma, ya binne ƙafafu.
Ya buɗe mini tafin hannunsa, duk tabo.

"Ina ɗan sha tara aka kwashe mu a babbar mota,
mu muka ja wayar shingen gabas.
Wata bakwai, turke bayan turke.
Muna hango jan tudun nan da yamma,
ba wanda ya ce mana mu leƙa.
Shekara hamsin ina faɗa wa yara na san wurin nan.
Ashe ƙeyarsa na sani, 'yata,
yau na ga fuskarsa."

Ina da jawabi a kan shekarun kowane dutse,
amma wannan ba ya cikin littafin da aka koya mini.
Na miƙa masa gorarsa. Ya kurɓa.
Muka ba rana minti biyar da ba namu ba.

Doka ta ce ba a fita da komai,
ko tsinke, ko tsakuwa.
A bakin mota kowa ya kakkaɓe takalminsa,
yashi ya koma wa yashi.
Fanuel ya zura nasa a cike,
ya ɗaure igiya tam, ya dube ni.
Ni kuwa taya nake dubawa.

Da magariba na cike takardar ofis:
shiga tara, fita tara, ba abin da ya faru.
Hamada ta yi ragin cikin takalmi biyu,
na san ba za ta kai ƙara ba.