Littafin Ƙorafi

A Lisbon, bayan dandalin Martim Moniz,
a saman shagon gyaran waya,
akwai ofis mai kujera uku da tuta a bango.
Nan Nirajan ya zube Yuro ɗari huɗu,
gumin sati biyu na kankare tukwane.
Aka ce takardar zama tana hanya.
Bai nemi rasit ba, kunya ta riƙe masa harshe,
kada mai taimako ya ce an zarge shi.

Talata ta haifi Talata.
Ruwan sanyi ya zo ya ɗauke,
jakaranda ta yi fure ta zubar a titi,
har yanzu: dawo Talata.

Idalina, 'yar tsibiran Kabo Berde,
mai fere dankali a gefensa,
gwiwa ta gaji, baki bai gaji ba,
ta ce: Yaro, baƙo da manyan idanu
ba ya ganin gari.
Ni ma an ci nawa, shekara talatin ke nan,
na haɗiye don tsoron jirgin komawa.
Kai kada ka haɗiye.
Nemo saƙon da ya turo maka a waya,
rubuta ranar, rubuta adadin.
Ka hau benen, ban da ihu,
ka ce a ba ka littafin ƙorafi.

Ya ce: Ni da ba ni da takarda?
Ta ce: Kuɗinka da ya karɓa, takarda ya tambaye su?

Ya hau. Ƙafa tana cewa koma.
Valdemar ya yi dariya, ya miƙo kofi,
ya ce littafin ya ɓata, ya ce mu ai 'yan'uwa ne.
Nirajan ya maimaita jimlarsa ɗaya tilo,
wadda ya haddace a bakin famfo,
sau uku, kamar mai buga ƙusa.
Aljihun tebur ya buɗe.

Ya rubuta da harshen aro, baƙaƙe suna ɗingishi,
ya karɓi kwafinsa ya ninke huɗu.

Bayan kwana tara, ɗari uku suka dawo a ambulan.
Ɗari ta maƙale, yana binta.
Takardar zama kuwa, ashe layinta daban,
ya bi da ƙafarsa, an ba shi lamba.

Jiya ya sayi burodi ɗaya,
ya tsaya ƙyam sai an ba shi rasit.
Idalina ta yi dariya har wuƙa ta faɗi.