Amanar Masoro

Nomau, ga makullin sito, ga igiya,
ga kuma Masoro.
Sati uku zan yi a Sakkwato, sai likitan ido ya sallame ni.
Shinkafa ba ta da rigima,
inda ka jingine buhu nan zai kwana.
Wannan ɗan tsurut ɗin shi ne amanar.

Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka.
A kwalin taliya ya zo mini,
ranar da injiniyan da ya ɗaura mana injin casa ya bar Argungu.
Har yau bai kai gwiwata ba,
amma a ransa shi ne ya haifi raƙumi.
Na ga ya tare bijimin Magawata a bakin fadama,
gemu a tsaye, wutsiya kamar tsinken tsire,
sai bijimin ne ya kauce.

Kada ka ɗaure shi yini guda.
In ya rasa aiki zai ƙirƙiro nasa,
bara fangalin albasar Tumba ya tone,
ni na biya.
Da an sallame asuba ka kai shi bakin Matan Fada
ya yi gudu har harshe ya zazzago,
ku dawo kafin yashi ya ɗau wuta,
tafin ƙafarsa ba takalmi.
Da rana inuwar ɗorawa, da ruwan randa a kasko.
Kaskonsa daban, ka sani, kada ya haɗu da butar alwala.

Tuwo kaɗan da romon kifi, ka tsince ƙaya.
Ban da ƙashin kaza. Ban da albasa ko ɗaya.
Zai zuba maka ido kamar maraya,
ƙarya yake, ya ci.

Ran Juma'a ka zauna ka taje shi.
Gashin nan kaushi ne da shi kamar soso,
ƙarangiya na son sa, kaska ma haka,
ka duba bayan kunne da tsakanin yatsu.
Katin allurarsa na cikin gwangwanin rasit,
malamin dabbobi zai zo goma ga wata.

In ya yi laifi, zai yi kuwa,
ka aje sanda.
Na taɓa dukansa sau ɗaya,
kwana biyu yana kallona kamar mai bin bashi.
Ka kira sunansa sau ɗaya da murya a ƙasa,
in ya zo, ɗan guntun ƙuli.
In bai zo ba, to akwai gafiya, ka bar shi da ita.
Shekara huɗu ban sayi maganin ɓera ba.

'Yan tsaki kam, a nisanta su.
Yara su shafa, kada su ja wutsiya.

Sauran abu ɗaya.
Tun da hazon nan ya sauko mini a ido,
in za mu gida bayan magariba
shi ke gaba, ina bin farin bayansa,
a kowane kwalbati sai ya tsaya.
Ban koya masa ba.
In ka ga ya tsaya maka haka ya waiwayo,
kada ka yi masa tsawa, Nomau.
Ka ɗan dakata kamar ba ka gani,
sannan ka tsallaka.