Awon Baba a Kasuwar Pitowa

Ran Lahadi na hau babur daga Garwa
da lofen Baba a aljihu,
bakinsa duk shatin haƙori.
Kwana arba'in ke nan bai ga wuta ba.

Rumfar Dada Jebba na bayan 'yan kifi,
inda warin banda da ƙamshin taba ke karo,
kowa ya ƙi kauce wa wani.
Kafin in yi sallama ta gane lofen.
"Na Tanimu direba ne. Allah ya ji ƙansa. Zauna."

Na ce, Dada, auna mini irin tasa.
Ni ban iya sha ba.
Ɗakinsa ne ya fara warin kowa,
shi ya sa na zo.

Ta kwance buhu uku a kan tabarma.

"Wannan 'yar dutse ce, daga wajen Mokolo.
Dubi ganyen, gajere, baƙi, mai taurin kai.
Ƙishirwa ce ta rene ta,
shi ya sa take rama wa maƙogwaro.
Wannan kuwa ta fadama ce, bakin Lagdo,
mai faɗin ganye, ba ta faɗa da kowa,
hayaƙinta sai ka ce gaisuwar suruki.
Ta ukun murɗaɗɗiya, kamar igiyar guga,
damina guda ta yi a rufe cikin tulu.
Shinshina.
Ka ji dabinon da ya kwana a jakar fata?"

Na ji.

"Murza a tafinka.
In ta zama gari, ta mutu, bar wa mai ita.
In ta manne maka, ruwa aka sayar maka.
Ta ƙwarai takan lanƙwasa ta miƙe
ta bar maka maiƙo a yatsa.
Taba ta bambanta da garin gero, ɗana,
ba a sayenta da ido."

Na san wannan karatun.
Baba kan ce tabar da ba ta sa baƙo hawaye ba
a kai wa awaki.
Shekara talatin yana jan auduga zuwa Ngaundare,
yaran mota suna roƙon su hau saman kaya
don gudun abin da ke tashi a gaba.
Har ya kwanta bai daina cewa
duk Arewa babu mai shan irin tasa ba.

Dada ta ɗauki ƙoƙon awo.
Uku daga fadama.
Ɗaya murɗaɗɗiya, ta yanka da 'yar wuƙa.
Daga 'yar dutse,
abin da yatsa biyu suka ɗauko, shi ke nan.

Na ce, a'a, Dada, kin juya lissafin.
Tasa mai ƙarfi ce.

Ta yi dariya har giɓinta ya fito.
"Da can.
Shekara bakwai ke nan, tun da tarin nan ya kama shi,
nake rage dutse ina ƙara fadama,
kowane wata kaɗan, kamar mai sata."

Bai sani ba?

"Tanimu? Mai hancin nan?
Ran farko ya zuƙa, ya dube ni,
ya ce, Jebba, hannunki ya tsufa.
Ya biya kuɗin mai ƙarfi bai rage dala ba.
Haka muka yi ta yi, ni da shi."

Ta ƙulle a takardar siminti.
Ta ƙi karɓar sefata.

Da magariba na cusa lofen, na ƙyasta ashana huɗu,
na ƙware, na haƙura.
Sai na barbaɗa a kan garwashin kasko
kamar mai turara ɗakin biki,
na zauna a bakin gadonsa.

Can daga madafa,
ba ta ko ɗaga kai daga tuƙin tuwo ba,
Inna ta ɗaga murya:
"Malam, don Allah buɗe taga."