Ashirin da Uku a Baki Ɗaya

A bene na biyu, bayan layin dogo na Agege,
inda jirgi ke kaɗa shayi a cikin kofi,
na ajiye tafki mai tsawon kamu biyu:
gilashi huɗu, yashin Badagiri,
da tsingaron tukunyar da Delu ta fasa.

Ifeanyi na Mushin ya ce dangin karfasa ne.
Na ce karfasa a garinmu miya ce.
Ya ce waɗannan kallonsu ake ci,
ya ɗaure min biyu a leda.

Namijin shuɗi ne, kamar shuni ya sha bugu.
Kwana uku yana kwasar yashi da baki,
yana tofarwa gefe,
har ya haƙa rami mai faɗin murfin kwano,
ya tsaya a kai yana karkarwa.
Ta zo, ta zaga, ta zuba ƙwai,
ta juyo ta tsince su ɗaya bayan ɗaya.
Na ce, shi ke nan, ta cinye.

Ashe ajiya ta yi.

Karon farko ni na ɓata.
Ɗoki ya sa na ƙwanƙwasa gilashi da zobe,
ta firgita, da safe haɓarta ta sace.
Ban gaya wa kowa ba.

Karo na biyu na rufa mata zani,
na kwashe namijin zuwa bokiti.
Mako uku ba ta ci ba.
Abinci na sauka a gaban idonta,
tana juya ƙwai a baki
kamar tsohuwa da goro ba haƙori,
cikinta ya shafe, haɓarta ta cika.
Ni da nake wuni ina ciniki a Ikeja,
bakina bai taɓa riƙe komai na awa guda ba.

Daren sha tara aka ɗauke wuta.
Famfon iska ya yi shiru,
janaretan Baba Rasaki ya yi tari sau biyu, ya mutu.
Na ga ta hau sama tana haki ta gefen wuya,
bakin nan dai a kulle.
Na ɗebi ruwan da moɗa, na ɗaga, na zuba,
na ɗeba, na zuba,
Delu na riƙe da fitilar waya,
sauro na karɓar kuɗin haya a ƙafafunmu,
har ladan ya kira assalatu.

Ranar Laraba ta buɗe baki.
Ashirin da uku,
kowanne ido biyu da ɗan zare.
Na dafa ƙwai, na murje gwaiduwa a ƙyalle,
na ɗiga musu da tsinken ashana.
In ya yi yawa ruwa ya ɓaci,
sai na tsotse ƙasan da robar ƙarin ruwa,
na maye da na rijiya wanda ya kwana biyu.

Inuwata in ta gifta,
sai su ruga su faɗa bakinta,
wutsiyar na ƙarshe tana reto a leɓe.
Haka kwana biyar.
A na shida suka rugo, ta kau da kai.
Suka yi ta dukan leɓenta.
Ta wuce, ta ci abincinta na farko.

Delu ta daɗe a tsaye ba ta ce komai ba.
Da yamma ta ɗauko akwatin Barira,
wadda takardar makarantarta ta zo tun watan jiya,
ta fara ninke kaya.

Yanzu saura sha tara.
Ɗaya ya fara shuɗi a gefen baya,
jiya na gan shi da tsakuwa a baki,
yana neman inda zai tofar.