Sunan Maƙeri a Bayan Zinariya

Balaraba ta dawo daga Samaru da la'asar,
ta tarar ina zuga wuta a rumfata ta Kwarbai.
Ta ce, Kaka, ajiye awartaki ka ga abokin sana'arka.
Hoto ne, an buɗa shi ya kai faifai,
ainihinsa kuwa, in ji ta, bai wuce farcena ba.

Kuɗin Farankawa ne,
waɗanda suka riƙe ƙasar Faransa
shekara dubu da ɗari huɗu baya.
Na gyara tabarau.
Kan mutum, hanci kamar ƙotar fartanya,
ido ya zame gefe,
haruffa na bin baki
kamar tururuwar da ta ɓatar da rami.

Na san wannan hannun.
Ya narka, ya auna, ya yanka,
ya ɗora tsakanin hatimi biyu,
ya sauke masaba sau ɗaya tak.
Ga inda ƙarfen ya goce masa.
Wataƙila tari ya sarƙe shi,
ko yaron zugazugi ya yi magana.

Na ce, wane sarki ne mai sunan?
Ta yi dariya. Ba sarki ba ne, Kaka,
maƙerin ne ya sa nasa, da na garinsu.

Na yi shiru har gawayi ya yi furfura.
Shekara arba'in da bakwai ina ƙera 'yan kunne,
sun je Kaduna, sun je Makka,
babu wanda ya san ni a cikinsu.
Malam Barau da ya koya mini riƙon masaba,
ko kabarinsa sai an yi gardama.

Sai ta ƙara:
daga baya zinariyar ta yi ta koɗewa,
ana zuba mata azurfa kaɗan-kaɗan,
sunayen kuwa suna nan daram.

Wannan ban so ji ba.
Shekarar da buhun masara ya gagare ni,
na saka wa warwaron Hajiya Iyami tagulla,
nauyin ƙwayar dawa uku.
Ta rasu tana yaba aikina.
Da akwai sunana a jiki fa?

Balaraba ta shiga gida da hotonta.
Na ɗauki zoben da ake jira gobe,
na leƙa cikinsa.
Akwai wurin harafi huɗu.
Na goga shi a dutsen gwaji tukuna,
na sake gogawa,
ladan na ta kiran magariba.