Kwanon Sarki Arba'in

A rumfar babanta a Dilimi
Tabawa ta san warin dalma tun ba ta kai tsawon benci ba.
Mati na buɗe cikin rediyo kamar mai fiɗa,
ita tana tsince sukurori a ƙasa,
tana kasa kunne ga shuuu ɗin da ke tsakanin tasha da tasha.
A nan, in ji ta, akwai mai son magana
da ba a ba shi fili ba.

Da ta gama karatu aka ce, to, me aka zama?
Ba mai zane ba ce, ba ta riƙe buroshi.
Ba injiniya ba ce, abin da ta taɓa ba ya komawa yadda yake.
Gwaggo Dije ta tafa hannu:
an yi boko an dawo jari-bola.

Nuninta na farko, a wani shagon aro a Farin Gada,
talabijin tara ta jera, duk masu ƙusumbi,
kowace na nuna ruwan sama na unguwa dabam.
Mutum shida suka zo.
Huɗu sun fake wa ruwa ne na gaske.
Kafin ta ce sannunku, aka ɗauke wuta.

Shekara bakwai tana cika takardun neman tallafi.
Amsar kan zo da ladabi, ta tafi da ladabi.
Da rana tana gyara wa mutane waya,
ta canza gilashi, ta busar da wadda ta faɗa a miya.
Da dare ta ɗauki na'urar naɗar sauti
ta nufi kududdufan Bukuru,
ramukan da aka kwashe kuza aka bar wa sama ta cike.
Ta zura makirufo cikin koren ruwa.
Ta naɗi kwaɗi, ta naɗi sanyi,
ta naɗi tsofaffi masu tari tsakanin kalma da kalma
suna lissafa sulen da aka biya su.

Bana ta sami wani tsohon sito, rufinsa na yoyo.
Ta rataye kwanon sarki arba'in a kife,
masu tsatsa, waɗansu da huji,
irin waɗanda suka cinye gashin kan kakanni.
Cikin kowane ta ɓoye 'yar lasifika
da wani ƙaramin ido mai jin motsin mutum.
Ka tsaya nesa, ƙarfe ne kawai.
Ka shiga ƙarƙashinsa, sai ya yi magana.
Majigi na zuba ruwan kududdufi a daɓe,
kana tafiya a kansa, ƙafarka ba ta jiƙe ba.

'Yan jami'a suka zo suna ɗaukar hoto.
Wani mai tabarau ya tambayi farashi.
Gwaggo Dije ta tsaya a bakin ƙofa da gyale a baki,
wai ita ba ta shiga inda kwano ke zance.

Wajen la'asar wani dattijo ya shigo,
Baba Ɗanlarai, jikansa na riƙe da sandarsa.
Ya wuce na ɗaya, ya wuce na sha biyu,
a na ashirin da uku ya cire hula.
Muryar Audu Gajere ce, abokin raminsa,
wanda aka binne watan jiya,
yana jan baitin da suke yi in kaya ya yi nauyi.

Sai janareto ya yi tari, ya mutu.
Ruwan daɓe ya ƙafe. Kwanuka suka yi tsit.
Tabawa ta zabura da tocila tana neman galan.

Tsohon bai motsa ba.
Ya ɗaga hannu biyu, ya riƙe gefen kwanon
kamar yadda wuyansa ya saba,
ya ɗauki baitin daga inda Audu ya ajiye.

Ta tsaya da galan a hannu.
Ba ta zuba man ba tukuna.