Dutsen Herminia

Garinmu a rataye yake, kamar tsumma a ƙusa,
tudu bisa tudu, teku na jira a ƙasa.
A Valparaiso, wanda bai yarda da birkinsa ba
dutse yake ajiyewa ƙarƙashin kujera.

Herminia mai burodi ta zo da nata dutsen.
Shekara uku yana tare mata taya a ƙofar gida.
Ta ce, "Griselda, ina jan birkin hannu har kunnena,
motar tana sulalewa
kamar wanda ake bi bashi ya hango mai kuɗin."

Babana Evaristo na zaune kan tsohuwar taya.
Hannunsa na rawa yanzu, sifana ba ta zama cikinsa,
amma kunnen yana nan daram.
Na sa waigi a gaba, na ɗaga baya da jak,
na juya tayar dama, ta yi ta yawo abinta.
Na juya ta hagu, ta yi nishi ta tsaya.
"Taɓa faifan," in ji shi.
Na taɓa, na janye yatsa babu shiri.
"To. Ɗaya ta ƙi kamawa, ɗaya ta ƙi saki.
Kada ki taɓa kebur tukuna.
Mai gaggawa ke fara ɗaure noti
ya ja riga ya rufe gyambo."

Na kwance muƙamuƙin birki, kusoshi biyu.
Robar ta yage, gishirin teku ya shiga ya yi ɗaki,
sandar da yake zamewa a kanta ta bushe ƙamas,
tsatsa ja wur kamar garin barkono.
Na kankare, na goge, na shafa giris kaɗan.

Sai fistan.
Na ɗauko matsi zan tura shi da ƙarfin tsiya,
tsoho ya buga sandarsa a siminti:
"Na baya ba a tura shi, murɗa shi ake yi!
Juya kina dannawa, sannu sannu,
yadda ake lallashin ƙofar da ruwa ya kumbura.
In ya zauna, daidaita tsagarsa da ƙullun takalmi,
ki duba ɗan hannun da ke baya
ko yana komawa mazauninsa shi kaɗai."
Bai koma ba. Sai da na sa masa mai na yi ta kaɗa shi
kafin ya tuna hanyar gida.

Herminia ta hau kujera da garin fulawa a gira.
Taka! Riƙe! Saki!
Kumfa na fita a siririn tiyo,
baƙin mai ya wuce, fari ya biyo baya.
Sannan ne, sai sannan, na isa ga notin kebur:
juyi ɗaya, in gwada taya, rabin juyi, in sake gwadawa.

Muka hau da ita titin da ko kare sai ya huta a tsakiya.
Babana ya rufe ido.
Ta ja: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas.
"Biyar," ya ce. "Ɗage ƙafarki."
Ta ƙi. Ta dubi tekun can ƙasa, ta dube ni.
"Ɗage."
Ta ɗage.
Motar ta ɗan rusuna, ta tsaya cak.
Wani jirgi ya yi kuka a tasha, ba mu motsa ba.

Ta biya da kuɗi da burodi huɗu masu ɗumi.
Dutsen kuwa ta mayar da shi ƙarƙashin kujera,
wai ba a korar tsohon ma'aikaci rana ɗaya.

Da dare na rufe gareji na kama hannun babana,
matakala tamanin da shida ce zuwa gidanmu, duk gangara.
A ta goma ya tsaya.
"Kin matse ni da yawa, zan yi zafi.
Sassauta rabin juyi."
Na sassauta.
Ban saki ba.